Ranar da Na Auna Maigidana da Ransa

Ko tsufa zai kwashe mini komai, wannan rana ce za ta fita daga kaina a ƙarshe. Abin ya faru bayan farin da ya kashe shanu a gida, shekarar da aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a Gabon, ina goyon autata. Lokacin kuɗin mai sun cika Libreville, duk wanda ya sami kujera a ofis sai ya nemi sandar baƙin itace, ko da ƙafarsa lafiya lau. Maigidana ke sassaƙa musu a unguwar Lalala. Ni kuwa 'yar masassaƙi ce. Ban shiga aji ba, amma na riƙe gizago kafin in iya tuƙa tuwo. Ni ke kankare masa sanduna da fasasshiyar kwalba, in shafe su da mai har su yi ƙyalli.

Sai wata kamiyo, babbar mota mai ɗauke da gungume, ta buge shi, ƙashin cinya ya karye. Da aka sallame shi daga lopital, likita ya ce ya riƙa takawa, in ba haka ba ƙafar za ta shanye. Aka ba shi sandunan ƙarfe, ya ce a fitar masa da su. "Ni da nake yi wa manya sanda, ni zan rataya a ƙarfe kamar wanki?" Ya juya fuska ga bango. Abinci sai loma biyu. Kullum ina duban ƙafar nan tana sirancewa. Ga mu baƙi, ga 'ya'ya ƙanana, dangi suna can bayan ruwa da daji.

Na zari itace mafi kyau cikin ajiyarsa, na riƙa sassaƙa masa sanda a bayan gida. In ya ji sara, in ce icen girki ne. Ta kammala, saura yanke gindi. Sanda kuwa ba a yanke ta da ka, sai an auna mai ita daga diddige zuwa wuyan hannu, kuma na san ba zai yarda ba. Ran nan bayan azahar barci ya ɗauke shi, ya lulluɓe da farin mayafi har ka saboda ƙuda. Na samo siririn gora, na durƙusa na shimfiɗa a jikinsa, na karya daidai wuyan hannu.

Ku 'yan yanzu ba ku sani ba, a wurinmu ba a auna mutum a kwance da kara sai in kabari za a haƙa masa. Ashe maƙwabciyata, wata 'yar garin Garwa mai sayar da atamfa, ta leƙo ta gani. Sai ta fita da salati.

Ina bayan gida, na ɗora zarto ke nan, sai na ji kuka. Na fito, ga mata, ga 'yan kasuwa sun rufe shaguna, ga liman. Ya ce, "Sannu da haƙuri, baiwar Allah. Kawo awon a kai wa masu haƙa." Ya karɓi goran, ya ɗaga ya duba. "Wannan ai awon yaro ne."

Ba kunyar jama'a ce ta dame ni ba. Mutumin da ya riga ya sallama, in ya ji matarsa ta auna shi, me ya rage masa? Sai ga muryarsa daga ɗaki: "Wa ya mutu?" Mata suka watse, wata har da barin takalmi.

Na shiga da sandar, liman yana biye yana yi masa bayani. Maigidana ya daɗe yana kallona.

"Ke kika auna ni?"

"Ni ce, Malam."

"Kin gaji da jinya ke nan."

Maganar ta soke ni har ƙashi. Na ɗora masa sandar a ƙirji. Ya juya ta, ya bi ta da babban yatsa, ya kanne ido ya duba miƙewarta.

"Itacen da na ajiye wa manya kika ɗauka! Dubi mariƙin, kamar kan muciya."

Na ce, "Muciyar dai ta fi ƙarfe."

Ya ga zanen zarto. "A nan za ki yanke? Wa ya ce miki ana awon sanda a kwance? 'Yar masassaƙi guda! Liman, kama ni."

Gumi na zubo masa, ƙafar na karkarwa. Amma ya miƙe. Ya saki hannu ƙasa ya ce, "To auna, ki ga yadda ake yi." Awona ya gaza da yatsa biyu, da na yanke da na ɓata itacen. Har ya bar duniya yana yi mini gorin yatsa biyun nan, ni kuma ina ce masa, "Wa dai ya tashe ka?"

A nan na gane mai sana'a ba lallashi ke tashe shi ba, ka taɓa aikinsa ka gani. Limamin ya riga mu gidan gaskiya, haka waɗanda suka rufe shaguna. Saura ni da 'yar Garwa, tana unguwar Okala wurin jikokinta, har yau in na je sai ta rufe fuska. Sandar kuwa ga ta a hannuna. Da lokacina na dogara ta ya yi, a tsaye na sa aka auna ni.