Allurar Bayan Gareji

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na raka matata asibiti ba, ina da tabbacin matsalar daga gare ta take.

Shekararmu huɗu da aure ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaukar ciki ba. Gashi ya fara tsiro mata a haɓa, al'adarta kuma sai ta yi wata uku ba ta zo ba. Mahaifiyata ta kasa zaune ta kasa tsaye. Duk sanda na je gaishe ta a gidanta da ke Asokore Mampong sai ta ce, "Mace da gemu ina ta ga haihuwa? Ka sallame ta tun da mutunci." Na roƙe ta ta bari mu ga likita tukuna.

Ni ban taɓa zargin kaina ba. Gyaran mota nake yi a wani gareji a unguwar Suame, da yamma kuma mu yi ta ɗaga ƙarfen da muka haɗa da tsofaffin kayan mota. Duk mako wani abokin aikina yana yi mana allurar ƙara ƙwanji a bayan gareji. Ƙirjina ya buɗe, har ana ce mini macho, wato ƙaƙƙarfa. Ƙurajen da suka cika mini baya da yawan faɗan da nake yi a gida, duk na ɗora wa gajiya.

Likitar ta duba sakamakon matata, ta ce sinadarin maza ne ya ɗan yi yawa a jikinta, shi ya kawo gashin da rikicewar al'ada, kuma akwai magani. Sai ta juyo ta ƙare wa damtsena kallo.

"Maigida, wace allura kake yi?"

"Ta ƙarfi ce kawai."

"To, kai ma sai mun gwada ka."

Kwanakin da na yi ina jira, ko aikin gareji kasa yi nake. Sakamako ya nuna kusan babu ƙwayar haihuwa a maniyyina. Likitar ta ce sinadarin maza ne a cikin allurar da ake mini, kuma idan ana ɗura wa jiki wannan sinadari daga waje, maraina sukan daina aikinsu, har su ƙanƙance.

A hanyar gida matata ta ce, "Kai za ka gaya wa Mma, ko ni?"

Ni na je na gaya mata. Mahaifiyata ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, "Duk wannan ƙirjin?" Ba ta sake zancen saki ba.

Na bar allurar, matata ta riƙe maganinta, sai da muka yi kusan shekara biyu kafin ta samu ciki. Tun daga nan, in na ji ana zargin mace da rashin haihuwa, abin da nake fara tambaya shi ne: an gwada mijin?