Yashi a Jirgin Neville Tait

Duk wanda ya girma a bakin kogin Rakaia ya san Neville Tait, ya kuma san dokarsa, don da tsawa ya koye ta: kada ka tayar da inji sai ruwa ya kai maka gwiwa. Jiragen ruwan da ake hawa a kogin nan ba su da farfela. Ta ƙasa suke zuƙar ruwa su feso shi ta baya, kuma da ruwan ne injin ke shan sanyi. In ka tayar a gaɓa, yashi za ka zuƙa. Shekara arba'in Neville yana ƙetarar da makiyayan tumaki da karnukansu, da masu kamun kifi, da mafarauta, bai taɓa dasa jirgi a kan tsakuwa ba. Tun da matarsa ta rasu ya rage magana a gida, amma a bakin ruwa harshensa na nan yadda yake.

Abin da ba wanda ya sani shi ne gwiwoyinsa sun gaji. Ran wata Juma'a da safe, lokacin da ƙanƙarar duwatsu ta fara narkewa, ya sauke jirgi shi kaɗai. Ruwan iyakar idon sawu yake, sanyinsa kamar reza. Ya tsaya yana kallon inda ya kamata ya tura jirgin. Ya duba hagu, ya duba dama, ba kowa sai tsuntsaye. Ya hau, ya murɗa makulli.

Bai yi nisa ba jar fitilar zafin inji ta kama a gabansa. Ya daki allon da tafin hannu, ta ƙi mutuwa. Ya kashe, ya jira injin ya huce, ya lallaɓo gida a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

To, surukinsa Tamati Rehu, mijin 'yarsa Bronwyn, shi ya sake wa jirgin wayoyi a lokacin sanyi. Bai cika wata biyar da buɗe garejinsa ba, kuma jirgin Neville ne tallarsa. Kowa cewa yake in tsohon nan ya yarda da hannunsa, ai magana ta ƙare.

Ranar Lahadi bayan sujada, ana shan shayi a zauren coci, sai Alister Baird, abokin Neville tun suna makaranta, ya ɗaga murya daga wajen teburin kek.

"Tsoho, an ce an gan ka shekaranjiya kana rarrafe a kan ruwa. Agwagi ma sun wuce ka."

"Fitila ce ke ƙarya," in ji Neville. Nan ya kamata ya tsaya. Amma ya ga idanu a kansa, sai bakinsa ya ci gaba. "Ka leƙa ka ga wayoyin da surukina ya haɗa. Taliya ce zalla, miya kawai ta rage."

Aka kwashe da dariya. Tamati na tsaye riƙe da kofi, ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai. Bronwyn ba ta yi dariya ba.

Alister ya ce, "Allah ya rufa mini asiri ke nan. Laraba na yi niyyar kai masa nawa. Bari in ja shi birni."

Litinin da hantsi Tamati ya zo da akwatin kayan aikinsa. "Ina kwana, Koro," ya ce, yadda jikoki ke kiransa. Bai tayar da zancen jiya ba. Ya zaro sandar duba mai, mai na nan. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da na'urarsa. Ya cire abin auna zafi ya tsoma a ruwan tafasasshe, ya ga yana aiki. Ya kwanta ƙarƙashin tirelar da ke ɗauke da jirgin ya leƙa ragar ƙarfen da ruwa ke shiga. Neville na tsaye a kansa, hannu a aljihu, yana roƙon Allah a zuci a samu ko da waya ɗaya da ta saki. Da ya ji abin da yake roƙo, sai ya kasa haɗa ido da kowa, har karensa.

Daga ƙarshe Tamati ya kwance tukunyar da ke tace ruwa kafin ya shiga inji. Ya kife ta a kan siminti. Yashi ya zubo, jiƙaƙƙe, ya yi tudu, har da 'yan tsakuwa. Su biyun suka tsaya suna kallonsa. Duk wanda ya san jirgi ya san ta hanya ɗaya yashi mai yawa haka ke shiga.

"Kogin ya yi dauɗa bana, Koro," in ji Tamati, yana share yashin da gefen takalmi zuwa cikin ciyawa. "Kowa zai iya gamuwa da haka."

Da Tamati ya zage shi, da ya fi wa Neville sauƙi.

Laraba Neville ya ga motar Alister ta wuce da jirgi a baya, ta nufi birni. Alhamis ya bi ta gaban garejin, ya hango Tamati yana sharar wurin da ba datti. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki da yamma, ya rufe. Laifi tudu ne, kowa ya sani, sai dai bai taɓa zaton yana da shekara saba'in da uku zai take nasa ya nuna na mijin 'yarsa ba.

Lahadi ta zagayo, da aka zuba shayi a zauren coci, Neville ya buga cokali a jikin kofi.

"Fitilar nan gaskiya ta faɗa," ya ce. "Ni na yi ƙarya. A ruwan idon sawu na tayar, don ƙafafuna ba sa iya shiga sanyi yanzu. Aikin Tamati ba shi da aibu ko ɗaya."

Maza da yawa a zauren nan ya taɓa yi musu tsawa a kan wannan laifin tun suna samari, yanzu duk sun dubi kofunansu. Alister ya share maƙogwaro.

"Kai, tsohon banza. Ka sa na ja jirgi har birni a kan tsumman gwiwoyinka?" Ya juya yana neman Tamati. "Ina yake? Motar ɗaukar itacena ma tana tari."

Sai a lokacin aka lura ba ya nan. Bronwyn ta nuna ƙofar kicin da haɓa. Yana can yana wanke kofuna, famfo na zuba, bai ji komai ba.

Neville ya ajiye nasa kofin. Faɗa wa mutum talatin ya fi masa sauƙi a kan faɗa wa mutum ɗayan nan. Ya ja ƙafa ya shiga, ya ɗauki tsumman goge kwano, ya tsaya kusa da surukinsa. Ya goge kofi ɗaya, ya goge na biyu.

"Tamati," ya ce, "kashe famfon nan. Ina da magana."