Aron Fayil da Hannun Yaya Guduma

Yayana, wanda duk ma'aikatan gidan ɗab'inmu ke kira Guduma, tun muna yara hannunsa ya fi bakinsa sauri. Rediyon babanmu in ya yi shiru mari yake sha, mu ƙannensa in muka yi surutu haka. Har yau kunnena na hagu bai gama yafe masa ba. Sai ga shi Allah ya ba wannan mutum kan gyara. Daga rediyo ya koma kwamfuta, har aka ɗauke shi a inda nake ɗinkin littattafai, aka damƙa masa saba, wato babbar na'urar da ke riƙe da fayilolin kowa a wani ɗan ɗaki mai sanyi bayan matakala.

Ba wuri ɗaya aka kore shi ba saboda faɗa. Mai gidan ɗab'in ya gaya masa a gabana cewa ranar da ya taɓa wani, ranar zai ajiye makulli. Shekaru sun ja, ga iyali, kuma babu sauran mai ɗaukarsa a garin. Shi ya sa nake ajiye ɗinki in leƙa duk lokacin da na ji murya ta tashi a ɗakin masu zane.

Masu zanen sun daɗe suna kukan aiki na jan ƙafa, don kowane motsi sai kwamfutarsu ta je ta tambayo saba. Yaya ya kunna musu abin da yake kira aro. Saba za ta ba ka fayil ka riƙe a kwamfutarka ka yi ta aiki ba jira. In wani ya nema sai ta kira, kwamfutarka ta mayar. In ba ta amsa ba, kowa zai tsaya har wa'adin aron ya cika. Shi da kansa ya tsawaita wa'adin, wai don tausayin tsofaffin kwamfutoci masu nauyin ji. Aiki ya riƙa gudu, aka yi ta sa masa albarka.

Matsalar ita ce Dogo, babban mai zane. In zai fita cin abinci sai ya zare wayar da ta haɗa kwamfutarsa da saba ya kulle a durowa, wai kada a leƙa masa aiki. Tsoron banza! Wa ya damu da zanensa? Yaya ya sha lallaɓa shi: "Malam, ka rufe fayil kafin ka zare. Tafiya kake da kayan mutane."

Ranar da abin ya faru takardun jarrabawar wata makaranta ake bugawa, direbansu na waje yana zabga oda. Dogo ya zare waya ya kulle a durowa ya nufi ƙofa. Mai bugu ya danna fayil ɗin jarrabawar da ke aro a kwamfutar Dogo, allo ya daskare. Aka kira Yaya, ya duba, ya ce wa Dogo, "Malam, taimaka ka mayar da wayar."

"Ba zan mayar ba. Gyara tarkacenka."

Na ga Yaya ya kai hannayensa baya ya sarƙe. Dogo ya matso ya dungure masa goshi a gaban kowa. "Mai gyaran rediyo, an ba ka makulli ka ɗauka kai wani ne. Taɓa ni mana ka gani."

Ban ga lokacin da Yaya ya ɗauki kibod ɗin kwamfuta ba, ƙararsa kawai na ji a fuskar Dogo. Maɓallai suka watse har ƙarƙashin injin bugu. Dogo ya tofar da haƙori ya rarumi abin huda takarda ya fasa wa Yaya gira. Jini ya ɓalle. Yaya ya ci kwalarsa ya maka shi a kan tebur, tebur ya kife, ya kama ƙeyarsa yana buga kansa a jikin durowar yana cewa, "Buɗe! Buɗe!" Na ruga na riƙe shi ina kuka, ya yarfar da ni, bayana ya daki injin yankan takarda. Sai da maza suka taru suka danne shi.

Cikin wannan haki mai bugu ya ce a hankali, "Ya buɗe fa."

Wa'adin ya cika, saba ta karɓe fayil ɗinta da kanta. Wallahi ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci guda kamar ranar ba.

Mai gida bai yi faɗa ba, tafin hannu kawai ya miƙa. Yaya ya ce a yi masa haƙuri kaɗan. Ya shiga ɗakin sanyin, hannun dama ya kumbura, ya sa yatsan hagu ya rage wa'adin, jini na ɗiga a gaban rigarsa. Ya fito ya ba da makulli.

A kan matakala ya tsaya, bai juyo ba. Ya ce, "Ke za ki faɗa wa maman yara, ko ni?"