Makullin da Isyaku Ya Ba Da Ajiya

Isyaku ɗan Panshekara ne. Tun da ya yi wayo bai taɓa kulle ɗaki ya fita ba sai ya bar makulli ɗaya wajen maƙwabta, haka ya ga ubansa na yi. Shekara tara yana akawu a wani kamfanin jima a Challawa, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

A 2007 Turawan da ke sayen fatun suka ce daga yanzu ta intanet za a riƙa aika musu takardun kaya. Suka ba kamfanin abu biyu na sawa a kwamfuta, shaida da makullin sirri. In kwamfutar Isyaku ta yi sallama, tasu ta nuna shaidarta, tasa ma ta nuna, ta tabbatar makullin na hannunta. Sai kowa ya gane kowa ake buɗe ƙofa.

Manaja ya ja masa kunne: "Malam Isyaku, ita shaidar, kowa na iya gani. Makullin kuwa ko matarka."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Kunne ya ji, hali bai ji ba. Makulli ɗaya tal, ga wutar NEPA na ƙona na'ura kullum? Abin ya hana shi sukuni. Ya kwafi makullin a filas, 'yar na'urar ajiyar bayanan kwamfuta, ya kai wa amininsa Lawan mai shagon intanet ajiya. Lawan, shi ma ɗan gidan mutunci, ya ji tsoron kada filas ta ɓata, ya zuba a kwamfutar shago, wadda kowane kare da doki ke hawa.

Ba a yi wata biyu ba wani ya kwashi makullin daga kwamfutar shagon, ya yi wa Turawa sallama da sunan kamfanin, aka buɗe masa, ya taɓa takardu. Turawa suka soke shaidar. Fatu kwantena uku suka tsaya a harabar kamfani.

"Wa ka ba?" in ji manaja.

"Ban ba kowa ba, ajiya na kai."

"Ajiya! Kazar kakarka ce?"

Ranar aka sallame shi. Yana zaune a ƙofar gida da la'asar, bai ma faɗa wa iyali ba, sai ga Lawan da filas a naɗe cikin leda.

"Ga amanarka, aboki. Wallahi ko ƙwarzane babu."

Isyaku ya karɓa, ya yi godiya.