Yadda Muka Turke Iya

Jiya na bi ta wani lungu a Kwarbai, sai ƙamshin man shanu da ake soyawa da albasa ya tsallako katanga ya tare ni. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai babur ya kusa kwashe ni. Ƙamshin nan bai kai ni ko'ina ba sai ƙofar ɗakin kakata, mahaifiyar Baba, wadda duk gidan ke kira Iya.

Na fara sanin Iya ne a tsaye. Siririya ce, doguwa, hannuwanta kamar igiyar guga. In ta ɗaga taɓarya ta sauke, tattabarun unguwa uku sai sun tashi. Ita ke jan ruwa a rijiya, ita ke share tsakar gida tun kafin rana ta leƙo, sannan ta yafa mayafi ta taka zuwa Ƙofar Gayan wajen ƙanwarta, ta dawo la'asar ba ta yi ba. Ni kuwa mijinta take kira na, irin wasan kaka da jika, kullum muna rigima a kan naman miyarta.

Sai Allah ya ɗaukaka Baba a ofis. Ranar da ya dawo da labari, ya durƙusa a gabanta ya ce, “Iya, wahala ta ƙare. Daga yau kin huta.” Aka karɓe taɓarya, aka karɓe guga, har tsintsiya aka ɓoye. Aka shimfiɗa mata katifa mai laushi, aka ajiye kujera a inuwar darbejiya. Da safe koko da ƙosai, da hantsi fura da nono, da rana shinkafa, da yamma tuwo yana iyo a cikin man shanu. In ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, mutum huɗu ne za su yi karo wajen miƙa mata.

Kada ka ga laifin Baba. A wurinmu, jikin uwa shi ne shaidar ɗa. Baƙi in sun shigo sai su ce, “Iya, kin yi jiki! Lallai Malam yana kula.” Baba ya sunkuyar da kai, amma kana ganin daɗin har a hularsa.

Damina uku aka yi a haka. Iya ta cika kujera, ta tumbatsa. Ƙofar ɗakinta sai a karkace take shiga, zane kuwa sai an haɗa biyu. Ina tsokanarta cewa in ta juya a katifa ana jin motsin har unguwar Kongo. Tana dariya, tana jifa ta da mafici. Abin da ba mu lura ba shi ne tashi. Da farko takan dafa gwiwa, daga baya ta koma dafa bango, can kuma sai an kama ta. Wata bazara mai zafi, ta yi sujada ta kasa miƙewa. Daga ranar ta koma sallah a zaune.

Ta san addini ya yi mata rangwame, malamin maƙwabtanmu ma ya shigo ya tabbatar mata. Amma ran nan bayan la'asar na same ta a kan darduma, ba wasa a fuskarta. Ta ce, “Tun ina ƙwaila nake tsayuwa gaban Ubangijina. Yau ni ce nake gaishe shi a zaune.” Sai na juya na fita.

Gida ya zauna ya yanke shawara: ƙarfi ne ya ragu, maganin rashin ƙarfi kuwa abinci. Aka ƙara farfesu, aka ninka man shanu.

Gwaggo ce ta cece mu, ƙanwar Baba, malamar asibiti a Kaduna. Ta zo hutu, ta ga yadda ake ɗaga Iya kamar buhun gero, ta ce gobe sai asibiti. Ita ta ba mu labarin abin da ya faru, kuma har yau in ta tuna sai ta riƙe ciki. Likita ya lallatsa ƙafar Iya, ya sa ta matse masa hannu, sannan ya ce, “Hajiya, tsokarki ce ta ragu.”

Iya ta ce, “A'a ɗana, kada ka ɗauki alhakin mutanen gida. Uku ake sa mini a miya kullum, sai dai in mijin nan nawa ya sace ɗaya.”

Da likita ya gama dariya, sai ya bi da ita ta hanyar da za ta gane. Ya ce ta tuna ragon da aka ɗaure a turke ana ta ɗura masa dusa: a ido ƙato, amma in an feɗe, kitse ya lulluɓe ko'ina, har ya kutsa cikin naman. Ya ce ƙafarta haka take, girman na kitse ne, naman da ke ɗaukar ta kuwa ya motse saboda zama, ga shi an ƙara masa kaya. Tsoho in ya zauna, tsokarsa ta fi saurin guduwa.

Iya ta dubi Gwaggo ta ce, “Au, ashe turke ni kuka yi? Saura Layya ke nan.”

A gida aka sha fama da Baba. Ya ce, “Iya, a gan ki da tsintsiya ina raye? Me mutane za su ce?” Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, don haka bango ta kalla ta ce, “A faɗa wa mai gidan nan, mutane ba su za su ɗaga ni daga sujada ba.” Da hannunsa ya je ya ɗauko tsintsiyar.

Sannu a hankali aka fara. Ta tashi daga kujera ta zauna, ta sake tashi, Gwaggo na tsaye a kanta kamar sajan. Ta share ƙofar ɗakinta, bayan mako biyu ta kai bakin rijiya, bayan wata ta leƙa zaure. Man shanu ya koma cokali ɗaya, wake da zogale da nono suka samu shiga. Na ɗauka za a hana ta nama in gaje shi, ashe likita cewa ya yi kada a rage mata shi. Ita ma ba waliyiya ba ce, sau biyu ana kama ta da funkaso a ƙarƙashin matashi.

Ba ta koma siririya ba, ba ta sake riƙe taɓarya ba. Amma ƙarshen daminar nan, wata la'asar bayan an ɗauke ruwa, ƙasa na ƙamshi, Iya ta miƙe a kan darduma ta yi kabbara. Raka'a huɗu, ba bango, ba hannun kowa. Duk matan gida sun yi cirko-cirko, mahaifiyata na share ido da gefen zane. Da ta sallame ta waiwayo ta ce, “Lafiya? Ba ku taɓa ganin mai sallah ba ne?” A tsaye ta ci gaba da yi har ciwon ajalinta, Allah ya jiƙanta.

Yanzu inji ke niƙa, famfo ke kawo ruwa, babur ke kai mu ko da bakin layi ne. A masallacinmu an jera kujerun roba a gefen sahu, da ina yaro babu ko ɗaya, kuma wasu masu zama a kai sa'o'ina ne. Ni kaina tumbina kan riga ni shiga masallaci da minti biyu. Juma'ar da ta wuce ladan ya jawo wata kujera, yana murmushi, ya ce, “Alhaji, bismillah.” Na ce, “Malam, ajiye wa mai buƙata, ni tukuna.” Na shiga sahu. Gwiwoyina sun yi ƙara har liman ya kusa waiwayowa, amma sun riƙe ni har sallama. Da aka tashi kuma, a ƙasa na tako gida.