Sunan Yayata

Ranar da aka kai ni firamare, Baba ya tsuguna a bakin ƙofar makaranta, ya gyara min hijabi, ya faɗa min wani suna. Ya ce, "Idan malama ta kira wannan, ke ce. Ki amsa da ƙarfi." Ya sa na maimaita sau uku. Ban tambaye shi dalili ba. Shekarata huɗu, kuma hankalina duk yana kan mai alawar da ke zaune a jikin katanga.

A Mando muke, har yanzu ma nan muke, a gidan haya. Asalinmu mutanen ƙasar Katsina ne. Baba direba ne, yana ɗauko kaya daga Babbar Kasuwa ya rarraba wa masu shaguna. Makarantarmu ba ta da nisa da sansanin sojan sama, idan jirgi ya tashi sai malama ta dakata da kiran suna, ta riƙe biro a sama har ƙarar ta wuce. A wannan tsakanin nake ta nanata sunan a zuciyata don kada ya kuɓuce min. Ya sha kuɓucewa kuwa, a rubuta ban zo ba alhali ga ni a bencin gaba, ƙafafuna ko ƙasa ba sa taɓawa.

Ni a zatona haka tsarin boko yake. Yadda ake ba ka inifam haka ake ba ka suna, ka saka da safe, ka cire idan ka koma gida. Sai da muka shiga aji biyu na tambayi wadda muke benci ɗaya, "Ke mene ne sunanki na gida?" Ta faɗa. Na ce, "A'a, wannan ai na makaranta ne." Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, aljanu gare ki?" Ranar, da aka fita hutun tara, sai da na bi 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya. Da yawa suna da laƙabi a gida, amma kowa ya ce na rajista shi ne sunansa na yanka. Ni kaɗai ce nawa na yanka yake gida, wani daban yake zuwa makaranta.

Na sami Umma tana tankaɗe na ce, "Umma, wa ya sa min sunan makaranta?" Ta ce, "Ɗauko min faifai." Faifan kuwa yana jingine da ƙafarta. Daga nan na fara lura da ita. Idan ƙawayena suka leƙo da safe suna ƙwala min kira da wancan sunan, sai ta ce, "Ke, ana kira." Ko sau ɗaya ban ji ya fito daga bakinta ba.

Ina da shekara tara aka kai ni hutu Katabu, gidan Gwaggo, yayar Baba. Tana min kitso a tsakar gida ina ta zuba mata surutu, na ce na zo ta uku a aji, hedimasta ya kira ni a gaban kowa. Har na kumbura murya na kwaikwayi yadda ya kira sunan. Sai na ji hannunta ya tsaya a kaina.

Ta ce, "Allah ya jiƙan mai sunan."

Na ɗago. "Gwaggo, wace ce mai sunan?"

"Au, ba su gaya miki ba? Kai, wannan ƙane nawa da zurfin ciki! Yayarki ce mana, 'yar farin uwarki. Shekara biyu ta ba ki. An riga an rubuta ta a makaranta, an ɗinka kaya, saura kaɗan a buɗe ƙyanda ta ɗauke ta. Ke kuma kika bi kika ishi mutane da kuka, sai kin tafi makaranta. Ita a asibiti aka haife ta, tana da takarda. Ke a ɗaki kika faɗo, ko ungozoma ba ki jira ba, ina kika ga takarda? Hedimasta kuma ba ya ɗaukar yaro haka nan. Shi ne ubanki ya ɗauki takardar ya ɗauke ki."

"To me ya sa Umma ba ta faɗar sunan?"

"Ke, wace uwa ce take kama sunan ɗan fari? Ko tana da rai ba za ki ji ba, balle yanzu. Sunkuya, kin ɓata min tsaga."

Abin mamaki, ban yi kuka ba, ban kuma ji tsoro ba a lokacin. Son sani ne ya kama ni. Duk hutun da na je sai na tasa Gwaggo a gaba. Fara ce ko baƙa? Tana da surutu? Tana cin kuɓewa? Gwaggo kuwa amsarta ba ta zama wuri ɗaya. Bana ta ce kamarmu ɗaya sak, baɗi ta ce ai ta fi ni kyau nesa ba kusa ba. Hoto babu ko ɗaya. Abin da nake da shi na kaina ɗan kaɗan ne: ina tuna wata ta goya ni tana tangaɗi, ƙafata tana jan ƙasa, wani yana cewa a sauke ni kada mu faɗi. Har yau ban san ko ita ce ba, ko kuwa ni na ƙirƙira bayan na ji labari.

Wata rana Baba ya buɗe jakar takardunsa yana neman lasin, na hango takardar haihuwar. Da ya fita na zaro ta. Ta yi laushi, ta tsage a wurin ninki. Har nauyinta an rubuta, da ƙarfe nawa aka haife ta. Na daɗe ina karantawa. Ni ba wanda ya san ƙarfe nawa aka haife ni, Umma dai ta ce bayan an ɗora tuwo ne.

A Islamiyya da sunana na gaskiya nake amsawa. Can na taɓa ɗaga hannu na ce, "Malam, ranar alƙiyama da wane suna za a kira mutum, na gida ko na makaranta?" Aji ya kwashe da dariya. Malam ya murmusa ya ce, "Mala'iku ba sa karɓar rajista a wurin hedimasta, yarinya. Zauna." Na zauna, amma amsar ba ta ishe ni ba. Idan aka zane ni a makaranta don makara, nakan ce a raina da ita ce ko za ta makara? Idan na ci jarrabawa kuma in rasa wa aka yaba wa.

Ina aji shida masu yin katin ɗan ƙasa suka zo ƙofar gidan mai unguwa da kwamfutarsu. Mata suka yi layi da yara. Da aka zo kanmu ma'aikacin ya ce, "Hajiya, sunan yarinya?" Umma ta faɗi nawa na yanka, ta faɗi shekarar da ta haife ni. Na ja gefen mayafinta na raɗa mata, "Umma, na makaranta fa?" Ta mintsine ni a cinya ba tare da ta kalle ni ba. Aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, muka dawo gida. Ba wanda ya sake tuna zancen.

Haka na gama sakandare, kullum ni ce ƙarama a aji, a takarda kuma sa'ar kowa. Na ci jarrabawar fita, na ci ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Makon jiya aka kira mu tantancewa. Matar da ke kan tebur ta jera takarduna, ta dubi katin, ta dubi sakamakon, ta ce, "Suna biyu, ranar haihuwa biyu. Ku dai ba kwa gajiya. Je ki kotu ki yo takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne. Idan Juma'a ta wuce, gurbinki ya tafi."

Ban gaya wa kowa a gida ba. Washegari na hau keke napep na tafi. A bakin kotun akwai masu buga takardu a rumfa. Wanda na samu ko zama bai bari na yi ba, ya ce, "Hajiya ƙarama, saɓanin suna ne ko? Kawo, kullum sai mun buga irinta." Tana nan a shirye cikin kwamfutarsa, sunaye kawai ya sauya. Ya karanta min da Turanci, ya fassara: wai ni na rantse cewa mai suna kaza da mai suna kaza mutum ɗaya ne, ba biyu ba. Na karɓa na biya shi. Ina tafiya ina sake karanta wannan layin.

Magatakardan dattijo ne mai tabarau, ga hatimi a gabansa, ga Alƙur'ani a naɗe cikin kyalle a kan kanta. Ya ce, "Kina da tsarki? Kin yi alwala?" Na ce na yi. Ya sauko da shi da hannu biyu, ya ajiye a gabana, ya ce in ɗora hannu in bi abin da zai faɗa.

Tun ina ƙarama nake jin labarin waɗanda suka dafa Alƙur'ani a kan ƙarya. A unguwarmu ko faɗa ake, da an ce a ɗauko shi sai kowa ya yi sanyi. Na ɗaga hannuna, ya ƙi sauka. Ga gurbin da na yi shekara ina wa addu'a, ga Juma'a saura kwana biyu, ga kuma wannan layin.

Ya ce, "Yarinya, akwai mutane a bayanki."

Na ce, "Baba, ba mutum ɗaya ba ne. Ɗayar ta rasu."

Ya cire tabarau. "Kin san abin da kika faɗa kuwa? Sakamakon mamaciya kika ɗauko za ki shiga makaranta da shi?" Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya juyo. Wallahi a lokacin na ga kaina a bayan kanta, na ga Umma tana kawo min abinci a kwano. Na tsuguna a ƙasa ina ba shi labari, rabi magana rabi kuka, tun daga ƙyanda har zuwa katin.

Ya bari na gama. Ya ɗauki sakamakon ya dubi hoton da ke jiki, ya dube ni. "Wa ya zauna ya rubuta jarrabawar nan?"

"Ni ce."

"Tun aji ɗaya wa yake zuwa makarantar?"

"Ni ce."

"To a kan wannan za ki rantse, ba a kan wancan shirmen ba. Tashi. Gobe ki zo min da mahaifinki."

Bayan la'asar na sami Baba yana wanke mota a ƙofar gida. Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya ci gaba da goge gilashi ɗaya har ya bushe. Da safe na fito na tarar ya sa kayansa na Juma'a, ranar kuwa Alhamis ce.

Da muka isa kotu, magatakarda ya dube shi ya ce, "Malam direba, kai ne ka cire lambar wata mota ka manna wa wata?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, rashin sani ne."

"Faɗi sunayen 'ya'yan naka duka biyu, da wadda ta rasu da wadda ke tsaye."

Baba ya yi gyaran murya sau biyu. Ya faɗi nawa. Sannan ya faɗi nata, a hankali, har sai da aka ce ya ɗaga murya. Tun ranar da ya tsuguna a ƙofar makaranta ban sake jin sa a bakinsa ba. Aka buga sabuwar takarda mai shafi biyu, aka rubuta abin yadda ya faru. Baba ya dafa ya rantse, ni ma na dafa. Wannan karon hannuna ya sauka.

Da muka fito ya saya min ruwa mai sanyi. Muna tsaye a bakin titi ya ce, ba ni yake kallo ba, "Zango ɗaya na yi niyya. Na ce kafin a dawo hutu zan samo miki taki takardar. Sai na ji yara suna zuwa ƙofar gida suna kiran sunan da safe." Sai ya tsayar mana da keke.

Ranar Juma'a na kai takardar. Matar ta karanta har ƙarshe, ta koma farko, ta shiga wani ofis da ita. Na fi awa ɗaya a kan benci, duk mai kakin da ya gifta sai in ce ni aka zo kamawa. Da ta dawo ta ce an karɓa, amma da sunan da ke jikin sakamako za a rubuta ni, kuma kafin ƙarshen shekarar farko in je a gyara katin ya dace da shi. Ta miƙo min fom na sa hannu.

Na tarar da Umma tana tsince shinkafa a tire.

"An ɗauke ki?"

"An ɗauke ni, Umma."

"Da wanne?"

"Da na makaranta."

Ta tsinci wani ɗan dutse ta jefar, ta sake tsintar wani. Can ta ce, "To, Allah ya sa albarka. Akwai sauran ɗumame a tukunya, ba ki ci komai ba kika fita."