Yadda Na Raba wa Dangi Kayan Kwamfutar Autanmu

Assalamu alaikum, Edita. Ni malamar firamare ce, ina aure a Unguwar Dosa, kuma ni ce babba a ɗakinmu. A lokacin da wannan abu ya faru ni ce uwar hidima a danginmu. Biki ya taso ni ake kira, suna ma ni ce, an yi ta yabona har abin ya shiga kaina, na ɗauka babu hidimar da za ta gagare ni.

Autanmu ya yi hatsarin mota a hanyar Mando yana dab da gama jami'a, ya samu rauni a laka, aka dawo da shi gidanmu na Abakwa a keken guragu. Mutumin da a da ba a jin kunne in yana gida, sai ya daina magana. A kai masa abinci ya ɗan taɓa ya ture, abokansa su zo ya ce barci yake ji. Hajiyarmu duk ta rame. Ni maganar ƙafafun na riga na haƙura, likita bai ɓoye mana komai ba. Tsorona shi ne mu rasa shi alhali yana zaune a gabanmu. Sai na tuna kafin hatsarin ba shi da zance sai na kwamfutar wasan gem, irin wadda ba a sayo ta a haɗe, sai mutum ya zaɓi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya a haɗa masa. Ya sha damunmu da maganar muna korarsa ya je ya yi karatu. Na ce to ga magani, kuma na ƙudura ba zai sani ba sai ya gan ta a ɗakinsa.

Wani abokin aikina ya faɗa mini sunayen kayan, ni kuma na yi abin da na iya. Yadda muke yi in za a kai amarya, wannan ta ɗauki gado, wancan kujeru, wata ta ce tukwane nata ne, haka na buɗe sabon guruf na dangi a waya ba tare da auta ba, na raba wa kowa nasa. Kawunmu na Kano ya ce shi zai sayi allon da ake dasa komai a kansa, wanda suke kira madabod. Mijina ya ɗauki furosesa, wai ita ce ƙwaƙwalwar abin. Ɗan gwaggonmu da ke aiki a ƙasar waje ya ce katin hoto nasa ne, shi ke sa wasa ya fito tas. Gwaggo ta ce ita ba ta san kan abin ba amma wallahi ba za a bar ta a baya ba, sai na ba ta akwatin da za a zuba su ciki. Duk wanda ya tambaye ni wane iri zai saya, amsata ɗaya ce, ya sayo mai kyau. Kuma kowa ya sayo mai kyau ɗin, Allah Ya saka musu.

Da kaya suka hallara na kwashe su a keke napep zuwa wurin wani mai haɗa kwamfuta a Kawo, ina tafe ina jin kaina. Ya buɗe kwalayen ya duba, sannan ya tambaye ni ko kwamfuta nawa za a haɗa. Ya ce furosesar mijina ba za ta zauna a allon Kawu ba, kamfaninsu ma ba ɗaya ba ne. Katin hoton kuma ya fi akwatin Gwaggo tsawo, don ita ɗan ƙarami ta zaɓa mai fitilu masu canza launi, ya burge ta. Na tambaye shi ko ba za a ɗan kankare furosesar ta shiga ba, ko a kai akwatin wurin mai walda ya ƙara masa tsawo. Kallon da ya yi mini har yau ina tuna shi. Ban yarda ba, na zaga wasu shagunan. Wannan ya ce allon za a canza, wancan ya ce a'a furosesar ce, wani ya ce duk su biyun lafiya lau, na'urar ba da wutar da ta zo tare da akwatin ce ta yi ƙanƙanta, abin da ban ma san akwai shi ba. Kowa sai ya jero mini lambobi da haruffa, ina gyaɗa kai kamar ɗalibaina in ba su gane lissafi ba. Nakan fito daga shago na rasa me ma aka ce.

A gida kuma wani rikicin ne. Mijina ya ce tasa ce sabuwar fitowa, don haka allon ne zai tafi. To wa zai kalli Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, ya ce masa gudunmawarsa ba ta yi ba? A wurinmu ba a mayar da gudunmawa. In mutum biyu suka kawo wa amarya kula iri ɗaya, godiya ake yi a ajiye duka. Na yi tunanin in sayo wani allon a ɓoye, sai Kawu ya bugo ya ce zai zo da kansa ranar da za a kunna, yana so ya ga nasa a ciki. Gwaggo kullum tana tambaya ko fitilun sun kama. Na yi makonni ina ce wa kowa an kusa, abinci yana ƙone mini, kwalaye na jibge a bayan gadon Hajiya, ni kuma ban san ta ina zan fara ba.

Hajiya ce ta gaji da ganina haka ta faɗa wa auta. Wata Asabar bayan la'asar ya aiko a kira ni, na tarar an jera masa kwalayen a kan gado. Bai ko buɗe su ba, rubutun jikinsu kawai ya duba ya ware waɗanda za su zauna tare. Na tsaya ina jiran dariya ko godiya. Sai ya ce, cikin sanyin murya, tun da aka sallamo shi daga asibiti babu wanda ya tambaye shi komai. Abin da zai ci, lokacin da za a yi masa wanka, wanda za a bari ya shigo, duk a kansa ake yankewa yana ji. Ya ce wannan ne abu ɗaya da ya fi kowa a dangi sani, shi ma sai da muka buɗe guruf muka bar shi a waje. Ya ce ƙafafunsa ne suka daina aiki, ba kansa ba. Sai hawaye suka zubo mini.

A gabana ya kira Kawu, ya gaishe shi, ya yi masa bayani. Kawu ya yi dariya ya ce a canza allon mana, shi dai a haɗa. Ashe abin da ya yi makonni yana hana ni barci ke nan. An haɗa kwamfutar yadda auta ya tsara, yana wasa, abokansa sun dawo, yana cin abinci, alhamdulillahi. Ni kam har gobe ban gane me ya hana waɗancan kayan zama tare ba.

Shawarata ga masu son haɗa irin wannan kwamfuta, mutum ɗaya da ya san abin ya zaɓi komai, dangi su taimaka ta wata hanyar. Ga masu jinya kuma, don Allah ku riƙa tambayar majinyacinku kafin ku yi masa alheri. Ni na yi nawa da zuciya ɗaya, amma har yau in na shiga ɗakin autanmu gaishe ni yake yi cikin ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa, kuma bai ƙara tsokanata ba.